Gudu Daban, Tashi Daban: Nasiha ga Ƙannena Masu Musun Mota

Assalamu alaikum.

Kwana uku ke nan ina bin wani musu a waya tsakanin ƙannenmu biyu, ɗaya mai Honda Accord, ɗaya mai Toyota Camry. Da raha aka fara, aka zo kan "ai taka amalanke ce", aka gangara zuwa ambaton iyaye. Jiya da dare mai Honda ya rubuta cewa in ɗayan ya isa su haɗu a bayan gari ranar Lahadi bayan sallar asuba, kwalta ta raba gardama. Wannan maganar ce ta hana ni ci gaba da yin shiru.

Ni ma ina son mota, na kuma taka irin wannan ƙuruciyar. Sai dai da koyar da lissafi nake cin abinci, shi ya sa tun ranar farko na lura ba a kan abu ɗaya suke musu ba. Mai Honda cewa yake in danja ta ba da hannu shi zai riga kowa barin wurin. Mai Camry kuwa hoton maleji yake ta turowa, allura ta haura 200. Ɗaya yana maganar tashi, ɗaya yana maganar gudu. Ko shekara za su yi a haka ba mai kayar da wani, domin tana iya yiwuwa duka biyun gaskiya suke faɗa.

Ga yadda masana lissafi suke rubuta abin, kuma kada alamomin su firgita ku. A ce harafin x shi ne inda mota take a kan titi, t kuma lokaci. Ƙaramin d da ake sawa a gaba yana nufin ɗan ƙanƙanin canji. Idan ka ga dx/dt, ana nufin ɗan nisan da mota ta ci a raba shi da ɗan lokacin da ta ɗauka. Wannan shi ne gudu, ana kiransa v, shi ne lambar da allurar maleji take nunawa a daidai wannan ƙiftawar. To shi ma gudun yana canzawa. Idan ka ɗauki ɗan canjin gudu ka raba da ɗan lokaci, ka samu dv/dt, ana kiransa a, wasu su rubuta shi d²x/dt², wato canjin canji. Shi ne abin da ku kuke kira tashi, ko ku ce motar tana da wuta. Inda allura take, gudu ke nan. Saurin da take hawa, tashi ke nan.

Jikinku ma ya san bambancin. A jirgin sama mai yin sama da kilomita 800 a awa mutum yana shan shayi bai zube ba, saboda gudun ba ya canzawa. Amma mai adaidaita sahu da ke tafiyar kilomita 30 kacal in ya take birki farat ɗaya, sai goshinka ya gaisa da ƙarfe. Jiki ba ya jin gudu, canjinsa yake ji.

Mu sa lamba a ciki. Kilomita 100 a awa daidai yake da mita 27.8 a kowane sakan. Motar da ta kai 100 daga tsaye cikin sakan 8 tana ƙara kimanin mita 3.5 a sakan kan gudunta duk sakan guda. Wadda ta ɗauki sakan 12 tana ƙara 2.3. Ta farko ta fi tashi, babu musu. Amma wannan bai faɗa maka wacce za ta fi ƙure gudu a doguwar hanya ba, domin can iska ce da tsarin giya ke hukunci. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, ƙarfin injin da ake buƙata don keta ta kuwa da gudu sau gudu sau gudu. Ka ninka gudu biyu, sai ka nemo ƙarfi ninki takwas don iska kawai. Kuma a lokacin da mota ta ƙure gudunta, allura ta kafe, dv/dt sifili ne. Mai Camry yana alfahari da lokacin da motarsa ba ta da tashi ko kaɗan.

Wani abin dariya, da yawa daga motocin da ke shigo mana daga Amurka manyan lambobin malejinsu mil ne, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Lambar da Amurkawa ke yayatawa ta "sifili zuwa 60" mil 60 ce, kusan kilomita 97, ba 100 ba. Na ga yaro ya kwafo lambar Amurka yana gwada ta da ta Jamus yana ta kumfar baki. Na kuma ga wanda ya canza tayoyi ya sa manya, bai san malejin zagayen taya yake ƙirgawa ba, daga ranar abin da allura ke faɗa masa ya daina zama daidai. Hoton maleji ba hujja ba ne, balle a ce direban ne da kansa ya ɗauke shi da hannu ɗaya a kan sitiyari.

Kada ku ɗauka ku kaɗai ne musu ya taɓa ja. Alamomin nan da na rubuta muku su kansu sai da aka yi rigima a kansu. Isaac Newton na Ingila ya gano wannan lissafi wajen 1665 zuwa 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij ya koma ƙauyensu, amma ya daɗe bai wallafa ba. Shi ɗigo yake sawa a kan harafi, ɗigo ɗaya a kan x gudu, ɗigo biyu tashi. Gottfried Leibniz na Jamus ya gano nasa daban, ya wallafa a 1684, shi ne mai wannan d ɗin. Sai magoya baya suka shiga tsakani, ana cewa wane ya saci aikin wane. A 1712 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta fitar da rahoto ta ba Newton gaskiya, alhali Newton ne shugaban ƙungiyar, kuma shi ya tsara rahoton a ɓoye. Ga alƙali, ga mai ƙara, mutum guda. Leibniz ya rasu a 1716 ba a sasanta ba. Turawan Ingila suka kafe a kan ɗigo don kishin nasu, sauran Turai suka yi gaba da d, har sai a 1812 wasu ɗaliban Kambirij, ciki har da Charles Babbage, suka kafa ƙungiya don a karɓi alamar Leibniz. Shekara ɗari cur. Yau masana tarihi sun yarda kowannensu da kansa ya gano, injiniyoyi kuma suna amfani da ɗigo da d a shafi ɗaya ba wanda ya ce uffan. Su dai tawada da takarda suka ɓata. Ku kuwa titi kuke shirin hawa, titin da ba naku ku kaɗai ba.

Akwai wani dv/dt da ban taɓa jin kuna musu a kansa ba, wato na birki. Rage gudu ma canjin gudu ne, lissafin ɗaya ne, alamar ragi kawai ake sa masa. Haka ma kwana. A wajen masana, v ba sauri kaɗai ba ne, har da inda aka dosa. In ka sha kwana allura tana tsaye a 80, alƙibla tana canzawa, kuma tayoyi ne ke ɗaukar nauyin wannan canjin, nauyin da shi ma yake ƙaruwa da gudu sau gudu. Duk ƙarfin injinka, abin da ya haɗa ka da ƙasa wurare huɗu ne na roba, kowanne bai wuce tafin hannu da yawa ba. In akwai rairayi a bakin kwalta, ko tayar ta cinye, ko 'yar gwanjo ce da ta shekara goma a duniya, to sunan motar ba ya ƙara mata riƙo.

Ƙanena mai Honda, ƙanena mai Camry, ku ɗauko biro mu yi wannan tare, ba sai an je bayan gari ba. Mu ɗauka kwaltar busasshiya ce, tayoyi masu kyau ne, birki yana rage mita 7 a sakan duk sakan guda. Mu kuma ɗauka direba a farke yake, sakan ɗaya tak ya ɗauka tsakanin ganin abu da taka birki, wanda na san da asuba ba kowa ke iya wannan ba. Mota ta farko tana kan 100, iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta amince wa ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwayen hannu. A sakan ɗin farko ta ci mita 28 ƙafa ba ta kai kan birki ba, sannan ta ci wasu 55 tana birki. Jimla mita 83. Ta biyu tana kan 140, wanda a bakinku ba ma gudu ba ne. Mita 39 kafin birki, 108 tana birki, jimla 147. Ƙarin 40 a maleji ya kusa ninka nisan birkin biyu.

Yanzu ku jera su kafaɗa da kafaɗa, su hango abu guda a lokaci guda, a ce almajiri ne ya tsallako da robarsa, ko mai kai madara kasuwa a kan babur, mita 83 a gabansu. Ta farko za ta tsaya a dab da shi, hancinta kusa da ƙafarsa. Ta biyu a wannan wurin birkin mita 44 kawai ta samu yi. Na buga lissafin sau biyu don kada in yi muku ƙarya. Za ta iso gare shi tana kan kilomita 108 a awa.