Sha-ka-fashe: yaushe kumburi ya zama lafiya?

Biki saura wata guda, amarya siririya ce, sai hankalin dangi ya tashi. Tun ba a gama maganar kayan ɗaki ba an nemo mai gyaran jiki, ta zo da gora cike da haɗi mai kauri, wato sha-ka-fashe na sa ƙiba, ta ce a sha safe da yamma, kafin ranar kamu za a ga canji. Ana kuwa gani. A da cikin gidaje ake wannan sana'a, ana raɗa. Yanzu ta koma TikTok da Instagram: ga hoton yarinya kafin ta sha, ga hotonta bayan ta sha, ga lambar waya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ruwan addu'ar da ake yi a ƙarƙashin bidiyon, ana ta "Masha Allah, jiki ya yi kyau".

Jikin bai yi kyau ba, kumbura ya yi.

Magunguna biyu ne suka yi suna a wannan harka. Na farko cyproheptadine, wanda asalinsa na ƙaiƙayi da atishawa ne, amma yana buɗe ciki yana sa barci, mutum ya ci ya kwanta. Na biyu, wanda ya fi haɗari, dexamethasone. Magani ne na gaske; shi ne wanda binciken Jami'ar Oxford ya nuna a 2020 cewa yana rage mutuwar masu korona da numfashinsu ya yi tsanani. Amma likita yana ba da shi ne da awo, na ƙayyadadden lokaci. Idan mai lafiya ta ɗauki watanni tana sha, jiki zai riƙe ruwa da gishiri, kitse ya taru a fuska da ciki da bayan wuya, hannuwa da ƙafafu kuma su sirance saboda tsoka na narkewa. Fata ta yi laushi ta tsage da nanƙarwa. Sukarin jini ya hau, hawan jini ya shigo, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi har ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Wannan zagayayyiyar fuskar da ake yabo a wajen dina, likitoci alamar cuta suke ɗaukarta.

Akwai kuma tarkon da mai tallar ba za ta faɗa ba. Jiki yana da wasu ƙananan halittu a saman ƙoda da ke samar da sinadarin kotisol mai hana jini faɗuwa, wanda dexamethasone ke kwaikwayon aikinsa. In aka daɗe ana shan maganin sai su rage aiki. Ranar da amarya ta ce biki ya wuce bari ta daina, jini na iya faɗuwa, ga amai ga kasala, har a rasa rai. Duk wadda ta riga ta yi nisa, kada ta yanke shi dare ɗaya. Ta je asibiti a riƙa rage mata a hankali.

Masu cewa jikinta ne kuɗinta ne, su fara gaya mana ko an rubuta mata abin da ke cikin gorar. Masu cewa maza ne ke so kuwa, ban ga mijin da ya yi murna ranar da aka ce matarsa mai shekara 25 ta kamu da ciwon suga ba.

Laifin bai tsaya kan 'yan kasuwa ba, mu ne muka buɗe musu kasuwar. A wajenmu ƙiba shaidar hutu ce, rama kuwa tuhuma ce. Mace ta je ganin gida bayan wata shida da aure, abin da za a fara dubawa shi ne kumatunta. In ba ta ciko ba, uwa ta ja ta ɗaki: "Ke 'yar nan, lafiya kuwa? Ko ba ya ba ki abinci ne?" Na san tsoron yana da tushe. Mutanen da suka ga yunwa, suka ga tarin fuka, suka ga zamanin da cutar ƙanjamau ke ƙanjame mutum har ta samo sunanta daga nan, ba za a yi mamaki ba in suna gudun rama. Amma yau hawan jini da suga da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda sun cika asibitocinmu, kuma ba sa buƙatar mutum ya rame kafin su kayar da shi. Haka ma maza. Alhaji ya ajiye tumbi, ana cewa kuɗi sun zauna, shi kuwa ba ya iya hawa bene hawa ɗaya sai ya tsaya yana haki.

Ma'aunin lafiya ba a ɓoye yake ba. Awon hawan jini kada ya kai 140 bisa 90. Zagayen ƙugu kada ya wuce rabin tsawon mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar, gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana. Siririyar da ke surfe da ɗebo ruwa ba ta haki ta fi kusa da wannan ma'auni bisa wadda aka ɗura wa haɗi. Wanda kuma yake ramewa ba dalili, gwaji yake buƙata, don rama tana iya zama alamar suga ko tarin fuka, kuma dexamethasone ƙara rura su yake yi.

Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta nuna tana da ƙarfi lokacin da aka rufe shagunan magani a Sabon Garin Kano a 2024, aka ce dillalai su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro. To masu haɗin gora ba shago gare su ba, waya gare su, kuma lambarsu na nan a fili. A saya, a kai ɗakin gwaji, a faɗa wa jama'a a rediyo abin da aka samu a ciki, a gurfanar da mai shi. Kemis ɗin da ke ƙirga wa yarinya ƙwayar dexamethasone ba takardar likita a karɓe lasisinsa. Malaman Islamiyya da ke yi wa amare nasiha ranar walima su sa wannan a cikin nasihar, domin iyayen da ke biyan kuɗin gorar suna zaune a wajen.