Mujallar Zane a Hannun Dattijo

A wajen cin abincin rana ne shugaban sashenmu a nan Osaka ta ƙasar Japan, dattijo mai furfura, ya ajiye mujallar Big Comic a gefen farantinsa, ya tambaye ni wace mujallar zane magidanta ke karantawa a ƙasarmu. Da na ce masa babu, sai ya jinjina kai cikin wani irin tausayi da ya sosa mini rai.

Kamfanin Shogakukan ne ya fara buga wannan mujalla a 1968, domin yaran da suka tashi da labaran zane bayan yaƙin duniya na biyu sun zama ma'aikata, kuma labaran yara sun daina gamsar da su. Sau biyu take fitowa a wata, a kan takarda mai araha, kuma za ka tarar da ita a shagon aski da gidan taliya da kantin da ba ya rufewa, gefenta ya yi laushi saboda yawan hannu. A cikinta ne shahararren mai labaran zane Tezuka Osamu ya fitar da Ayako, labarin rugujewar wani gidan masu gonaki bayan an sake rabon filayen noma, abin da ba wanda zai miƙa wa yaro. A cikinta ne kuma Golgo 13, labarin maharbin haya, yake fitowa tun 1968, kuma ko da mai shi Saito Takao ya rasu a 2021 ba a tsaya ba, saboda tun farko ya raba aikin tsakanin masu tsara labari da masu zane. Tasirinsa ya kai ga ma'aikatar harkokin wajen Japan ta yi amfani da wannan maharbi a 2017 wajen koya wa ƙananan kamfanoni yadda za su tsare kansu a ƙasashen waje.

Ba na musun cewa wannan abin burgewa ne, amma ban yarda cewa rashinsa a wurinmu alama ce ta rashin karatu ba. Matan da suka riƙa hayar littattafan soyayya a Kano suna karɓa-karɓa har bango ya yage, da masu kasa kunne a rediyo ana karanta musu labari dare bayan dare, ba su gaza mai karanta Big Comic ƙishirwa ba. Abin da marubucin Japan ya samu shi ne kamfani mai biyansa a kan kowane shafi, da edita mai bibiyarsa, da motocin da ke kai mujalla kowane lungu a ranar da aka sa. Namu kuwa shi ne mai rubutawa, shi ne mai neman kuɗin takarda, shi ne mai bin 'yan kasuwa bashi, sannan a ƙarshe malaman jami'a su kira aikinsa adabin kasuwa, hukumar tacewa kuma ta nemi ya zo ya yi rajista.