Bikin Godiya a Coci-cocin Kano: Wa Ke Zama Kusa da Wa?

Duk wanda ya shiga harabar cocinmu a Sabon Gari da yammacin Asabar ɗin da ke gaban Bikin Godiya na shekara-shekara zai tarar aiki ya riga ya kankama. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, sun kafa murhu a bayan gini, manyan tukwane sun hau wuta, waɗansu na tsince shinkafa a faifai, waɗansu na yanka albasar da aka sayo a Yankaba tun da sassafe, hawaye na zuba ana dariya. Wadda ke riƙe da muciya 'yar Tangale ce, matar wani tsohon ɗan sanda. Wadda ke gyara mata wuta Bajju ce mai koyarwa a firamare. Ga kuma wata dattijuwa Bahaushiya daga wajen Sumaila tana zaune a kan turmi tana gaya musu cewa miyar kuka ba ta son gaggawa. Da Hausa suke magana su duka, kuma da zarar ɗaya ta ɗauki waƙa sai sauran su amsa, wata ta jawo tulu ta fara kiɗa. A wurin nan babu wanda ke tambayar matar wane ce ke wanke tukunya.

Na fara da wannan dare ne domin a cikinsa nake ganin abin da muke nufi idan muka ce zumunci, kuma domin abin da ke faruwa washegari, bayan an sa sababbin kaya an kunna lasifika, ya fara yin nisa da shi a coci-coci da yawa na wannan birni. Ina faɗar haka a matsayin ɗan gida, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Ikilisiyar Kano tun asalinta taron mutanen da suka zo daga wurare dabam-dabam ce. A 1900 ayarin Bishop Tugwell, wanda Likita Walter Miller ke cikinsa, ya iso Kano, Sarki Alu kuma ya umarce su da su fita daga garin. Bayan zuwan jirgin ƙasa da kafuwar Sabon Gari wajen 1913, sai masu aikin reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu suka gina majami'unsu. Daga baya 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka shigo ta hanyar aikin jinya, asibitin ido da suka buɗe a 1943 yana nan yana aiki har yau, kuma daga aikinsu ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932 shi ya ba Ngas da Bura da Kataf da mutanen Zuru harshe guda na sujada, sa'an nan ga Hausawa 'yan ƙasa, Masihiyawa, wato Kiristocin ƙauyukan Rano da Sumaila da Tudun Wada, waɗanda kakanninsu ba su taɓa zama baƙi a ƙasar Kano ba. Jama'ar da aka haɗa daga irin waɗannan tushe ba ta da jini guda ko gari guda da zai riƙe ta. Dole ne ta riƙa sabunta zumuncinta da gangan, in ba haka ba ta watse ta koma ƙungiyoyin ƙabila da ke amfani da gini ɗaya.

A nan ne muhimmancin Bikin Godiya yake. A yawancin manyan coci-cocinmu akwai sashen Hausa da sashen Turanci, kowanne da lokacin sujadarsa, kowanne da mawaƙansa, har mutum yakan yi shekara bai gaisa da wanda ke zama a kan bencinsa sa'o'i biyu kafin ya iso ba. Wani yana Badawa, wani Brigade, wani No Man's Land, wani kuma ya tafi Abuja ko Jos neman abinci. Rana ɗaya ce a shekara ake haɗa sujada, a ci abinci tare, wanda ya yi ƙaura ya dawo da 'ya'yansa su ga inda aka yi masa baftisma, a kira sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka ga rikicin Oktobar 1991 da na Mayun 2004, waɗanda suka tuna harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Afrilun 2012 da bam ɗin tashar New Road a 2013, sun san cewa akwai shekarun da zuwa coci kansa sai da ƙarfin hali. Har yanzu ana laluben jaka a bakin ƙofa. Mutanen da suka bi ta wannan hanya tare, in suka samu rana guda ta zama a ci a sha a gode wa Allah, bai kamata a yi wasa da ita ba.

To, me muka mayar da ita? A bikin da na halarta bara, an shirya dogon tebur a gaba, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an jera ruwan gora da lemo, an ajiye kujeru masu taushi domin shugaban taro da uban taro da uwar taro da babban mai ƙaddamarwa. Mai gabatarwa ya shafe kusan sa'a guda yana kiran sunaye da muƙamai, kowane alkawarin kuɗi kuma sai an maimaita shi a lasifika an buga ganga. Ina daga tsakiyar jama'a na hango dattijuwar nan ta Sumaila, wadda ta kwana tana tuƙa tuwo, ta shigo da damin dawa a ka da ƙwaryar gyaɗa a hannu, amfanin gonarta da ta biya kuɗin mota ta kawo daga ƙauye. Wani matashi mai tsara zama ya tare ta cikin ladabi ya ce, "Mama, ki ajiye a can gefe, za a zo kansa daga baya." Ta ce, "To, ɗana," ta ajiye, ta koma bayan rumfa inda rana ke duka. Da aka zo gwanjon kayan godiya, an sayar da damin nata a cikin tarin sauran kaya, aka yi wa wanda ya saya tafi, ita kuwa ko sunan ƙauyenta ba a ambata ba. Ban ga ta ɓata rai ba, wannan ne ma ya fi damuna, domin alama ce ta cewa ta riga ta yarda matsayinta ke nan.

Ba ni da shakka cewa matashin bai yi nufin wulaƙanta ta ba, tsarin da aka ba shi ya bi. Tsarin ne abin tuhuma, kuma Littafin da muke karantawa kowace Lahadi bai bar mu cikin duhu game da shi ba. Wasiƙar Yaƙub, a sura ta 2, ta kawo misalin mai zoben zinariya da aka ba wuri mai kyau da matalaucin da aka ce ya tsaya can, ta kuma kira wannan nuna bambanci. Manzo Bulus ya tsawata wa ikilisiyar Koranti domin in sun taru wani yakan riga ya cinye nasa wani kuma yana jin yunwa, ya umarce su da su riƙa jiran juna. Gwauruwar da ta saka anini biyu a baitulmali ita Yesu ya nuna wa almajiransa. Idin Bukkoki kansa, wanda shi ne bikin kaka na Tsohon Alkawari, an umarta a Maimaitawar Shari'a sura ta 16 cewa a yi murnarsa tare da bawa da baƙo da maraya da gwauruwa. Duk waɗannan ayoyi akan karanta su daga bagade a ranar bikin, sa'an nan a sauko a tsara kujeru akasin abin da aka karanta.

Na san amsar da dattawan ikilisiya za su ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Rufin coci yana yoyo, man janareta ya yi tsada, akwai albashin Fasto da na masu gadi, akwai masu bishara a ƙauyuka da ke jiran ɗan abin da za a aika musu, akwai marayu da ake biya wa kuɗin makaranta. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 baikon mako-mako, wato kuɗin da ake bayarwa a coci, ya ragu a hannun ma'aikata da 'yan tireda, farashin buhun shinkafa da na masara kuma kowa ya san inda ya kai. Wani ma'ajin coci ya taɓa ce mini, "Malam, abin da ake tarawa ran Godiya shi ke riƙe mu har Ista, in ba ka kira sunan mutum ba, rabin abin da ya yi niyya zai bayar." Gaskiya ya faɗa game da halin ɗan Adam, kuma ban ga laifin mai hali da ya bayar da yawa ba, Allah ya ƙara masa. Sai dai in har an yarda cewa ba za a samu kuɗin gyaran rufi ba sai an koya wa talaka cewa baikonsa ƙarami ne a gaban jama'a, to an gyara rufi an tsaga bango, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na san iyalai da suka daina zuwa bikin ba don sun bar bangaskiya ba, sai don ba su da kuɗin anko kuma ba sa son a kira rukuninsu su fito hannu wofi. Ranar da aka keɓe domin haɗa kowa ta zama ranar da marar shi ke ɓuya a gida.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwamiti mai tsawo. Taron neman gudunmawa abu ne halal, a ba shi ranarsa dabam, a gayyaci masu hali, a kira sunayensu in suna so. Ranar Godiya kuwa a bar ta ga godiya. A sa baiko a ambulan ko a kwando ɗaya ba tare da shela ba, yadda hannun hagu ba zai san abin da na dama ya yi ba. A cire dogon teburin nan, Baba Fasto da dattawa su rarrabu cikin jama'a su ci daga tiren da kowa ke ci, domin yaro da ya ga Rabaran ya wanke hannu ya zauna a tabarma tare da mai gadi ya koyi abin da wa'azin sa'a guda ba zai koya masa ba. Hatsin da aka kawo kuma, maimakon a yi gwanjonsa duka, a ware kaso a kai gidajen gwauraye da marasa lafiya a ranar, da ƙafa, tun da zumunci a ƙafa yake. Ikilisiyar farko ma ta fuskanci ƙorafi a kan rabon abinci, lokacin da aka yi sakaci da gwaurayen masu jin Helenanci, manzanni kuwa ba su ce a yi shiru ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai su tsaya a kan aikin.

Akwai kuma batun 'yan'uwanmu na ƙauye, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Masihiyawan karkarar Kano su ne manoman da ke da ainihin amfanin gona da za a kawo gaban Allah, mu na birni sai dai mu je Dawanau ko Yankura mu sayo. Duk da haka idan suka zo birni, sau da yawa akan ba su waƙa ɗaya a tsakiyar shiri, a yi musu tafi kamar 'yan wasan gargajiya, sa'an nan a ci gaba da Turanci. Mutumin da ake yi wa kallon baƙo a cikin danginsa saboda addininsa, bai kamata ya zo coci ya tarar ana yi masa kallon baƙauye ba. A ba dattawansu karatun Littafi da addu'ar buɗe taro, a fassara duk abin da aka faɗa da Turanci, kuma cocin birni ya ɗauki mota wata shekarar ya je ya yi bikin a can, ya zauna a kan bencin ƙasa a ƙarƙashin rufin kwano.

Wani abu da har yanzu muke yi daidai, wanda nake fatan kada ya ɓace, shi ne kwanon maƙwabta. Tun ina yaro mahaifiyata ba ta zuba mana abincin biki sai ta cika kwanuka an kai gidajen Musulmin da muke katanga ɗaya da su, kamar yadda naman layya ke shigo mana da Babbar Salla, kuma saboda su ne ake kiran mahauci Musulmi ya yanka ragon bikin. A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar tallafin mai, an ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna salla a Kano, an kuma ga Musulmi sun ziyarci coci-cocin Sabon Gari domin kwantar da hankalin masu sujada. Irin wannan ba ya tsirowa rana ɗaya, kwanukan da suka yi shekaru suna kai da kawowa tsakanin gidaje ne suka share masa hanya. Ikilisiyar da ta iya tuna maƙwabcinta na waje da abinci, ba ta da hujjar barin 'yarta ta ciki a bayan rumfa.

Bara, bayan manyan baƙi sun shiga motocinsu an kashe lasifika, na zagaya bayan gini na tarar matan Zumunta sun zauna a ƙasa sun kewaye tire guda, sai a lokacin suke cin nasu. Dattijuwar Sumaila na tsakiyarsu, matar ɗan sandan tana tura mata tsokar nama tana cewa, "Ci, Yaya, tun jiya ba ki sa komai a bakinki ba." Matar wani babban ma'aikacin banki, wadda aka zaunar a dogon tebur da rana, ta cire gwaggwaronta ta ɗaura zane ta zo ta tsuguna tana kankare ƙanzo daga tukunya. Da suka gama, suka haɗa wa dattijuwar kuɗin mota, wani matashi ya ɗauki ƙwaryarta ya raka ta tashar Unguwa Uku kafin magariba.