Ƙannena, Ku Riƙa Karanta Jan Rubutun Nan

Jiya wani matashi ya nuna mini allon kwamfutarsa, wai laburaren tsara bayanai, wato shiryayyen kayan aikin da ake girkawa a yaren kwamfuta na Python, ya ƙi aiki a Jupyter, manhajar da ake rubuta umarnin Python a gwada shi a shafin da ake kira notbuk. Na tambaye shi me saƙon kuskuren, wato jan rubutun da ya fito a allo, ya ce. Shiru. Bai karanta ko layi ɗaya ba, sai kwafo umarni yake daga intanet yana liƙawa, in wannan ya ƙi ya jarraba wancan. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba shi kaɗai ba ne.

Wannan ɗabi'a ta danna abin da ba ku fahimta ba ita ke cinye muku lokaci. Mutum ya rubuta !pip install pydantic don girka laburaren Pydantic, ya ga an ce an gama, ya kira laburaren, sai ga ModuleNotFoundError, wato ba a sami laburaren ba. Nan take ya ɗora wa kwamfuta laifi. Alhali alamar motsin rai ɗin nan da ke gaban pip tana miƙa umarnin ne ga tsarin kwamfutar, kuma yana iya girka kayan a wani Python dabam da wanda notbuk ke tafiya a kansa. Tun 2019 aka kawo %pip cikin IPython, wanda ke gudanar da Python a Jupyter, saboda wannan matsalar, amma wa ya tsaya ya duba? Sauri ya haifi nawa.

Wani kuma ya girka daidai, saƙon ya ce masa a sake tayar da kanel, wato injin da ke gudanar da umarnin notbuk, bai gani ba. Ya yini yana faɗa da tsohon laburaren da ke zaune cikin ƙwaƙwalwar injin. Wani ya ɗauko darasin da aka rubuta kafin Pydantic 2 ta fito a 2023, ana ta yi masa gargaɗi cewa umarnin dict ya tsufa, a koma sabon umarnin model_dump, shi ko a jikinsa. Haka aka sha fama da NumPy 2, sabuwar sigar laburaren lissafi, ta fito a 2024, laburaren da aka gina kan tsohuwar suka riƙa faɗuwa, bayanin yana rubuce ɓaro-ɓaro a allo. Kowa ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne suna. Ana girka laburaren scikit-learn, a kira shi da sklearn, amma ku sai ku buga duk abin da ya zo baki. Akwai miyagu da ke ɗora gurɓatattun kaya a PyPI, rumbun da pip ke ɗauko laburare, da sunaye masu kama da na gaske, harafi ɗaya ya kuɓuce maka ka buɗe musu ƙofa da hannunka.

Ga kuma son a sani. Mutum bai san Colab, notbuk ɗin Google na intanet, na share abin da ya girka idan zaman ya ƙare ba, amma ya riga ya rubuta "masanin bayanai" a shafinsa na LinkedIn. Haba ƙannena!

Ku natsu, ku karanta, ku san sigar da kuke aiki da ita. Tambaya mabuɗin ilimi ce, amma bayan mutum ya yi nasa ƙoƙarin. A da, kafin ɗalibi ya tunkari na gaba da shi, sai ya karanta saƙon kuskure tun daga sama har ƙasa, ya bi takardun laburaren, ya rubuta abin da ya gwada. Kunya ma yake ji a ce amsar tana gabansa bai gani ba. Yanzu hoton allo kawai ake turowa, rabinsa a yanke, ko sallama babu.