Kafin a raba kuɗin mai, a fara nuna mana takardar lissafi

Ranar Juma'a da yamma, a fadarmu ta shayi nan Tahoua, ɗan ƙanwata ya miƙo mini salularsa. "Kawu, duba. A Amurka akwai jihar da ake raba wa kowa kuɗin man fetur, har jariri na goye. Mu wane laifi muka yi?"

Ba ƙarya ya gani ba. Jihar Alaska ce. A 1976 mutanenta suka gyara kundin tsarin mulkin jihar, suka ce aƙalla kashi 25 cikin ɗari na hakkin da kamfanoni ke biya kan mai da ma'adinai a zuba shi cikin wani asusu da ba a taɓa uwar kuɗinsa. Ana juya kuɗin, daga riba ake rabo. A 1982 kowane mazauni ya karɓi dalar Amurka 1,000, a 2022 kuwa 3,284.

Sai na ce ya buɗe kalkuletar wayar. Mutanen Alaska gaba ɗaya ba su kai dubu 750 ba, wato ko kwatan mutanen jihar Tahoua a ƙidayar 2012 ba su cika ba. Mu 'yan Nijar kuwa mun haura miliyan 25. Bututun mai da ya taso daga rijiyoyin Agadem zuwa gaɓar tekun Benin an yi shi ne don ganga 90,000 a rana. A ce kullum cike yake, a ce ganga dalar Amurka 70 ce, a ce kuma kamfanin Sin da ya zuba jarinsa ya yafe nasa kason duka, abin da ko a mafarki ba zai yi ba. Rabon kowa a shekara bai kai dalar Amurka 100 ba, jika hamsin da 'yan kai. A cire na kamfani, abin da ya rage ko akuyar suna ba zai saya ba. Yaron ya yi shiru, ya koma kan butarsa.

Don haka ni ban goyi bayan rabon kuɗi hannu da hannu ba. Abin da nake kishi a Alaska daban ne: kowa ya san adadin. A 2016, da farashin mai ya faɗi, gwamna Bill Walker ya zaftare kusan rabin rabon don toshe giɓin kasafin kuɗi. Aka yi ca a kansa har gaban kotu, kuma tun daga nan kowace shekara sai an ja daga kan nawa za a ba jama'a, nawa za a bar wa makarantu da hanyoyi. Wanda ya san nauyin buhunsa ne ke gane an ɗiba.

Mu fa? Ba za a ce ba a yi komai ba. A Yulin 2024 an sauke litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618, daga baya aka rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati da rabi. Na asibitin na yaba, don ciwo bai san mai mota da mai jaki ba. Na man kuwa rabon kura ne. Dala takwas da tamma a kowace lita: ɗan kabu-kabu mai shan lita uku a yini ya tsira da kuɗin kosai, mai ƙatuwar mota da janareto ya tsira da kuɗin cefane, matar da ke jan ruwa a rijiya can ƙasar Abalak ba ta ma ji labari ba.

Alhali muna da namu tsarin rabon, a rubuce. Tun 2006 dokar ma'adinai ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar, aka kuma yi irin haka ga man fetur. Kundin tsarin mulkin 2010 ya ce arzikin ƙarƙashin ƙasa na al'ummar Nijar ne, ya wajabta buga kwangiloli da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati, har ya yi zancen asusun 'yan baya. Shekara da shekaru ƙungiyoyin farar hula na kukan cewa kason nan na zuwa a makare ko a gutsure. Yau kundin an jingine shi tun Yulin 2023, majalisun ƙananan hukumomi da aka zaɓa an rushe su a Afrilun 2024, an naɗa kantomomi. Wa zai tashi a zauren magajin gari ya ce ina kashi 15 ɗinmu?

A Afrilun 2024 ɗin dai aka karɓi bashin dalar Amurka miliyan 400 daga CNPC, kamfanin man Sin ɗin nan, da ruwa kashi 7, a biya da ɗanyen mai. Cin hatsi ke nan tun yana gona. Wataƙila dole ce ta sa, bayan watannin takunkumi, kuma tsaro na cin kuɗi, wannan ba mai musu. Amma Chadi ma da sunan tsaro ta soke asusun 'yan baya na man Doba a 2006.

An karɓe filin uranium na Imouraren daga hannun Orano, kamfanin Faransa, a 2024, an mayar da Somaïr mai haƙar uranium ta ƙasa a 2025, na kuma yi murna. Sai dai mu 'yan Tahoua mun daɗe da sanin uranium ta tagar mota. Shekara arba'in manyan motoci na ratsa garin nan ɗauke da gangunansa, a kan hanyar da aka laƙaba wa sunansa, har ta koma ramuka tsakaninmu da Agadez. Canjin mai riƙe da makulli bai isa ya cike rami ko ɗaya ba.

Buƙatata ƙarama ce. Duk wata uku, a liƙa takarda ɗaya a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari: ganga nawa aka sayar, nawa ya shigo baitulmali, nawa aka cire na bashi, nawa ne kason garin, rijiya ko aji nawa aka yi da shi. A karanta ta a rediyo da Hausa, Zabarmanci, Tamashek, Fulatanci da Barbarci.

Ɗan ƙanwar tawa ya zuba mini na uku ya ce, "To Kawu, in an liƙa kuma muka ga ba daidai ba, wa za mu kai wa ƙara?" Na ce a dai liƙa tukuna.