Wai samarin Damagaram sun bar karatun mujalla, to da can su nawa ne ke karantawa?

Jama'a a yi haƙuri, rubutun yau da tsawo, wanda forfensa ya kusa ƙarewa ya aje sai dare.

Akwai maganar da iyayenmu ƴan boko suke yawan yi, musamman tsofaffin mushe, wato malaman lakwal, da waɗanda suka aje aikin sarwisi, wai yaran yanzu sun watse, ba jarida ba mujalla, daga TikTok sai WhatsApp. Allah ya ja kwananku, ba raini ba ne, amma ni duk sanda na ji wannan magana tambaya guda nake yi a raina: a nan Damagaram ɗin, ko a wancan zamanin da kuke yabo, samari nawa ne ke da mujalla a hannu?

Mu tuna waɗanne mujallu ake nufi. Jeune Afrique da ta fara fita tun 1960, Amina ta mata, Onze Mondial da France Football na ƴan ƙwallo, sai Planète Jeunes da ta shigo hannun ƴan kwaleji da lise cikin shekarun 1990. Na gida kuma Sahel Dimanche, sai irin su Haské da Le Républicain da suka fito lokacin da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa a 1990 da 1991. Dukansu da Faransanci. Na waje sai sun sauka Yamai tukuna, sannan su hau mota su ci kusan kilomita 900 kafin su iso mu, kafin nan rediyo ya riga ya ba da labarin an yi gardama a kai an gama har an manta. Ga kuɗi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa guda da yake sefa 50 ya koma 100, duk abin da ake bugawa a Turai ya yi tsalle, kuma shekarun ne ma'aikaci ke yin wata da watanni ba albashi. Wanda ke neman na hatsi ina ya ga na Jeune Afrique?

To abin da ake yi shi ne, guda ɗaya ke zagaye unguwa. Wanda ya zauna fada a Birni ko Zango ko Sabon Gari a lokacin ya san yadda take isowa: bango ya fita, hoton tsakiya tuni wani ya ɓalle ya manna a ɗakinsa, gefen shafi duk tabon shayi. Ana ɗora buta a mangal sai a miƙa wa ɗan lise guda, shi ke karantawa yana juyawa da Hausa, inda Faransancin ya fi ƙarfinsa ya ƙara gishirinsa, sauran kuma suna leƙen hoto suna musu kan wane ya fi wane iya taka leda. In ta gama yawo ta ƙare wurin mai ƙosai. Amina kuwa a shagon tela take tsufa, mace ta zo da atamfarta ta buɗe ta ɗora yatsa kan hoto ta ce irin wannan nake so amma a rufe wuyan, ba ruwanta da dogon rubutun da ke gefe. Kenan tun wancan lokacin, abin da yawancinmu ke samu daga mujalla hoto ne da muryar wani yana bayani. Ku dubi abin da TikTok ke bayarwa ku gaya min bambancin, in ban da cewa yanzu ba sai an jira ɗan lise ba.

Lokaci guda da na san samari da ƴan mata sun yi rububin mujalla da kuɗin aljihunsu shi ne da ta Hausa ta zo. Mujallar Fim ta fara fita a 1999 a Najeriya, kuma Kano da ke kusan kilomita 240 daga nan ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, sai ga ta tana shigowa cikin kayan masu kaset, tare da littattafan soyayya da ake bayarwa haya. Yarinyar da ta bar lakwal tun aji shida, wadda aka ce ba ta da kai, ita da kanta ta koya wa kanta haɗa baƙin Hausar boko don ta san abin da ke ciki, ba mushe ba bulala. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa matsalar ba ƙyuyar karatu ba ce. Kuma ko a ce akwai ƙyuyar, ai Hausawa sun raba laifin tun tuni, laifin babba rowa laifin yaro ƙyuya, mu kuma kullum rabin maganar na biyu muke faɗa.

Yanzu mu zo kan wayar. Ina ganin masu cewa "reso sosiyo" kamar abu guda ne, alhali kowane da mutanensa.

WhatsApp shi ne sarki a garin nan, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, vokal. A ƙasar da manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai 4 cikin 10 ba, abin da zai ba ka dama ka danna ka yi magana da bakinka ka aika dole ya ci kasuwa. Ɗan kabu-kabu da shi yake karɓar kiran kiliyansa, matar aure tana cikin gida tana saida turaren wuta da lesi a status, tsohuwa a Matamaye tana jin muryar ɗiyarta da ke Aljeriya, yaron da ya tafi Libiya ko wurin zinariya a Jado yana turo gaisuwa a grup ɗin dangi. Waɗannan mutanen babu mujallar da ta taɓa tunawa da su, ko sau ɗaya. Haka malamai da almajiran Garin Malam da ke karatu dare da rana, wa ya taɓa buga musu mujalla da ajami a ƙasar nan? Facebook kuma na ƴan jami'a ne da ƙananan ma'aikata, can ake siyasa da ta'aziyya da taya murnar cin bak, jarrabawar ƙarshen lise, rabi Faransanci rabi Hausa. TikTok na ƙannenmu ne, barkwanci da rawa da wa'azi da habaici duk a kwano guda. X kuwa sai dai ƴan jaridar Yamai, a nan ka yi yawo ka gaji kafin ka samu mai shi.

Kuma ba duka ba ne zaɓin rai, aljihu ne ke zaɓa. Yaron da ya haɗa dala ashirin ko dala arba'in ya sa forfe a Airtel ko Moov ko Zamani yana lissafin kowane mega, shi ya sa Facebook Lite, shi ya sa ake jiran forfen dare, shi ya sa mutum guda ke sauke bidiyo sauran su kwashe ta Xender. Ku lura da kyau, dabarar nan ta fada ce ba ta mutu ba, guda ya samo goma su amfana. Ga wutar da ke ɗaukewa, Itel ɗinka ko Tecno ta kwana a shagon mai sharji da lamba manne a bayanta.

Karatu kuwa ana yi. Ku shiga grup ɗin mata na littattafan Hausa ku gani, marubuciya na sako shafi-shafi kullum, wasu har biya ake kafin a sa ka, in ta yi jinkiri kwana guda a cika ta da ƙorafi. Ƴan jami'ar André Salifou rabin darasinsu a waya suke karanta shi. Na yi imani yaron yau yana karanta kalmomi a rana fiye da yadda tsaransa ya karanta a 1995, sai dai a tambayi me yake karantawa.

To a nan ne ni ma nawa ƙorafin yake, don kar a ce na zo wanke waya ne.

Mujalla ko ta banza ce tana da suna a ƙasan rubutu, tana da kwanan wata a bango, tana da ofishin da za a je a ce kun yi ƙarya. Vokal ɗin da aka turo maka daga grup na bakwai fa? Murya ce kawai, "Salamu alaikum ƴan uwa Musulmi, wallahi yanzun nan aka kira ni", ba ka san ko wane ne ba, ba ka san garin ba, ba ka san ko na bana ne ko na shekara huɗu baya ba, kafin la'asar an hana yara fita, an ce kar a yarda da allura, an ce ga masu satar mutane sun shigo. Kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 abin ya ƙaru, da aka rufe RFI da France 24 a watan Agusta, aka kuma dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024. Ban shiga siyasar abin ba, kowa da ra'ayinsa, abin da na sani dai kunnen da ya saba jin labari ba ya zama haka nan, sai ya koma inda ya samu. Ƙannena ku kuma ku sani, dokar laifukan intanet ta 2019 an sake gyara ta a Yunin 2024 an mai da hukuncin kaso kan ɓata suna da zagi ta waya. "Ai ni turo min aka yi na tura" ba hujja ba ce da za ka dogara da ita gaban alƙali.

Ina tuna 16 ga Janairun 2015. Ranar da mujalla ta fi girgiza garin nan a tarihinsa, mujalla ce da kusan babu wanda ya taɓa riƙe ta a Damagaram, Charlie Hebdo ta Faransa. Ɓatancin da ta yi wa Annabi (SAW) ya ƙona ran kowane Musulmi, wannan ba musu. Amma a zanga-zangar da aka yi ranar an rasa rayuka, an ƙona coci-coci, aka kuma ƙona CCFN, cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, har da ɗakin karatunta, wurin da ɗan talaka ke shiga ya zauna ya buɗe mujallar da ubansa ba zai iya saya masa ba. Wutar da aka sa a nan ba ta kai Paris ba, ƴan lisen Damagaram ne suka wayi gari ba wurin karatu. Duk mai kukan yara ba sa karatu ya kamata ya riƙa haɗawa da wannan.

Abu na biyu, kuma shi ya fi damuna, mantuwa. Status awa 24 ne ya ɓace. Waya ta faɗa ruwa ko aka sace, shi kenan shekara uku na hotuna da muryoyi sun tafi. Ɗauki maganar ruwa. Duk bazara in zafi ya tsananta Facebook ya cika da hoton jarkoki a layi da kukan tsadar ga-ruwa, kowa ya yi fushi ya zuba sharhi, damina ta sauka a manta, baɗi a sake daga farko kamar yau aka fara. Ka tara samari goma a fada ka ce su yi maka bayanin yadda ruwa ke tasowa daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram har ya iso famfon unguwarsu, da dalilin da ya sa garin da ke zaune kan dutse dole sai an jawo masa ruwa daga nesa, ka ga nawa za su iya. Matatar SORAZ tana nan arewa da mu tun Nuwamban 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana daga man Agadem, yaron da aka haifa shekarar da aka buɗe ta yau shi ke riƙe da waya, amma ina rubutu guda mai shafi huɗu da Hausa da zai karanta ya fahimci yadda abin ke tafiya? Garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926, labarinsa na yau duk yana cikin abin da ke gogewa kafin gobe. Wannan aikin mujalla ne, bidiyon minti ɗaya ba zai ɗauke shi ba, kuma ko mujallun da ake kewa ɗin ba su taɓa yi mana shi ba, su Abijan da Dakar suke kallo.

Shi ya sa ni maganata ga ƴan jami'a take da malamanmu na Hausa da ƴan jaridar rediyoyin garin nan. Tun Maris ɗin 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa da aka kafa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, mun yi murna mun sa a status, to me muka rubuta da ita tun daga lokacin? Ba sai an nemi injin buga takarda ba. Mutum biyar su haɗu, wata-wata su fitar da shafi takwas maras nauyi wanda ba zai cinye megan yaro ba, kowane rubutu da sunan mai shi da kwanan wata, a samu mai murya ya karanta shi a vokal don inna da ɗan kabu-kabu, a kai shagon fotokofi a ciro ƴan kwafi a aje a fadoji da shagunan tela. Masu shago a Kasuwar Dole da ke biyan ƴan TikTok su tallata musu kaya ba za su ƙi ba da jika biyu su ga sunansu a ciki ba. Ku kuma iyayenmu masu kwalin tsofaffin Sahel Dimanche da Haské a ƙarƙashin gado, ku fito da su a ɗauki hotonsu shafi-shafi, abin da ya shafi Damagaram a juya shi da Hausa a sa a ciki.

Fitowa ta farko ni dai a fara da ruwa: nawa ake saida jarka a Karkada, nawa a Garin Malam, nawa a Kara-Kara, kwana nawa famfo ke yi bai zo ba a kowace unguwa, a rubuta da kwanan wata, baɗi war haka a sake zagayawa a gwada. Wanda zai iya ɗaukar unguwarsa ya faɗa a ƙasa.