Samarin Zazzau, Me Nas Ta Yi Muku?

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata. Shekaranjiya na je dubiya wani asibiti a nan Zariya, ɗakin mazan da aka yi wa tiyata, na tarar da wani saurayi ya tsare wata nas da a haife ta haife shi, yana nuna ta da yatsa: "Ke wace ce? Ai ke ba likita ba ce!" Laifinta kawai ta hana su ba mahaifinsu fura, mutumin da kwana ɗaya ke nan da farke masa ciki.

Haba jama'a! Wanda aka yi wa aikin ciki hanjinsa kan yi sanyi na wani lokaci, shi ya sa ake jira sai ya fitar da iska kuma an ba da izini kafin a fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ka ɗura masa fura da wuri, ciki ya kumbura, amai ya taso, wataƙila ya sarƙe shi ya gangara huhu. Ta tsare ran mahaifinka, kai kuma ka saka mata da tsawa.

Wannan tsawar ita ke ci mini tuwo a ƙwarya. Likita yakan shigo zagaye da safe, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Wa ya rage? Nas. Ita ke auna jini da zafin jiki cikin dare, ta canza ruwa in ya ƙare, ta wanke ciwon da kai ɗan mai ciwon ka toshe hanci ka fice waje. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye ana so a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambo ya fito masa a baya. In an sa wa mutum jini, mintunan farko ita ke tsaye a kansa, don in jiki ya ƙi jinin a tsayar nan take. Amma ranar sallama sai ka ji ana "Allah Ya saka wa likita da alheri", a ratsa ta gaban teburin nas ko sannu babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na sani, za ku ce akwai masu baƙar magana a cikinsu. Akwai, kuma ban ɗaure musu gindi ba. Sai dai yawancin abin da kuke yi wa hayaniya ba a hannunta yake ba. An ɗauke wuta, tsawa. An ce a sayo safar hannu da bandeji, tsawa. Babu gado, tsawa. Ita ta hana a ɗauki ma'aikata har mace ɗaya ke riƙe da ɗaki guda a aikin dare? Kun bar jaki kuna dukan taiki, don kun san taikin ba zai rama ba. Waɗanda ya kamata ku ɗaga wa murya, in sun zo kamfen ku ne masu bin motarsu da gudu.

Ga kuma sabuwar ɗabi'ar ɗaga waya. Magana kaɗan sai a fara ɗaukar bidiyo za a sa a TikTok, har da marar lafiyar gadon kusa da ke kwance babu riga. Ku da kuke zuwa dubiya ku goma sha, an sha turare an cika ɗaki da surutu, a zauna a gadon marar lafiya ana cin abincinsa, amma da zarar an ce ana neman jini leda biyu sai kowa ya tuna yana da uzuri a Sabon Gari. In nas ta ce lokacin dubiya ya ƙare, ta zama marar mutunci.

Aikin nan fa yana da asali a addininmu. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) inda take jinyar masu rauni, kuma nan aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. Kuma hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Mun haddace shi tun a Islamiyya, amma da mun taka ƙofar asibiti sai ya zube.

Ba na ce ku kai musu kuɗi ba. "Sannu da aiki, Sista" nawa ake sayar da ita? Ku dai gyara, ku ji tsoron Allah. Duniya ma ta ware musu ranar 12 ga Mayu, mu nan ko gaisuwar safe ta gagara.

A da, in Sista ta ratso unguwa da farin kayanta, dattawa ke fara gaishe ta. Mutumin ƙauye in an sallami matarsa sai ya dawo ranar kasuwa da ƙwan zabi ko ɗan ƙullin gyaɗa, ba don an roƙe shi ba. Yaro kuwa bai isa ya ɗaga murya a gaban babba ba, balle a ɗakin marasa lafiya. Yau ga asibitin koyarwa na ABU da ke Shika na karɓar marasa lafiya daga Katsina da Zamfara har da Nijar, ƙwararrun nas-nas kuma suna ta tattara takardu zuwa Saudiyya da Ingila. Kuɗi ne kan gaba wajen korarsu, ba na musu, amma 'yan kaɗan ɗin da suka haƙura suka zauna da mu su ne waɗanda yaran da ko gemu bai gama fito musu ba suke tsarewa da tambayar "Ke wace ce?"